Ranar da Na Je Kotun Ƙoli da Babbar Riga

Shekara 14 ina tuƙa tasi a birnin New York, ƙafata ba ta taɓa taka matakalar kotu ba sai bara. Gida muka samu za mu saya a Bronx, ɗan madaidaici mai hawa biyu, mu zauna a sama mu zuba 'yan haya a ƙasa. An gama ciniki, an gama lissafi, Maman Ummi har ta zaɓi labule, sai matar da ke haɗa mana takardun kuɗi ta kira ni. Ta ce an bincika sunana an ga wata tsohuwar ƙara a kaina, kuma ba za a sa hannu ba sai na kawo takardar da ke nuna an gama shari'ar.

Na ce wace shari'a? Ni ko kazar maƙwabci ban taɓa takawa ba a ƙasar nan.

Sai da na kashe waya na tuna. Wata shekara da dusar ƙanƙara na gogi bayan motar wani mutum a Brooklyn. Ya fito garau, yana zagina da ƙarfin da mai ciwo ba ya da shi. Bayan watanni wani ya tare ni a ƙofar gida ya miƙa mini takardu, wai mutumin wuyansa da bayansa sun tashi aiki. Na kai wa kamfanin inshora, lauyansu ya kira ni sau biyu, daga nan shiru. Ni kuwa na ɗauka magana ta bi ruwa.

Da yamma saƙon matar ya shigo wayata. Na buɗe, idona ya sauka a kan kalmomi biyu: Supreme Court. Na zauna a bakin gado. Duk wanda ya tashi a Nijeriya ya san ma'anar wannan, Kotun Ƙoli ce, inda ake kai shari'ar zaɓen gwamnoni, inda idan an yanke sai dai ka kai kuka wurin Allah. Wato shekaru ina ta ɗaukar fasinja ina cin tuwona, ashe gugar bamba ta bi matakai har ta kai ƙoli ban sani ba.

"Baban Ummi, lafiya?" in ji Maman Ummi.

Na ce, "Ki dai bar maganar labulen nan tukuna."

A daren nan na yi babban kuskuren da ya fi gugar motar, na kira Hajiya a Kano. Na ce ta sa ni a addu'a, ina da 'yar matsala a Kotun Ƙoli. Ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta ce, "Kotun Ƙolin Amurka, ɗan nan? Me ka yi musu?" Na ce mota ce kawai. Ta ce in kwantar da hankalina, gobe da asuba za a fara sauka.

Washegari bayan sallar isha'i na tari wani Alhaji a masallacinmu, wanda ya girme mu duka a garin, komai ya taso shi ake tambaya. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce ba gaban alƙali za ni ba, ofishin akawun gunduma za ni, shi ke riƙe da fayilolin ƙararraki. Na ce, "Alhaji, akawu kuma? Shari'ar Kotun Ƙoli?" Ya ce haka suke yi a nan. Sannan ya rage murya ya ce tunda zan shiga wurin, in ɗan duba masa fayil ɗin wani bawan Allah da ke neman 'yar ƙanwarsa, wai ya ce ya rabu da matarsa ta farko, amma shi Alhaji ransa bai kwanta ba. Na ce in sha Allahu.

Ranar Litinin na ciro babbar rigata ta shadda, wadda ban sa ba tun sunan Ummi, na kafa hula zanna bukar. Raina ya ce mutum ba ya zuwa Kotun Ƙoli da rigar sanyin direba. Watan Nuwamba ne. Wanda bai taɓa sa shadda mai sitati a iskar New York ba, ba zai gane ba, kamar ka lulluɓa da kwanon rufi ne. Na kuma ɗauki jakar Ghana-mos-go 'yar ƙarama, don na ƙiyasta takardun shari'ar da ta kai ƙoli ba za su shiga aljihu ba.

Ginin kotun gundumarmu yana kusa da filin wasan Yankee, na wuce ta gabansa ya fi sau dubu. A bakin ƙofa ana bi ta na'urar gano ƙarfe kamar a filin jirgi. Jami'in ya tura mini ɗan faranti ya ce in zuba duk abin da ke aljihuna, in cire bel. Na ce ba ni da bel. Ya dubi rigar daga sama har ƙasa, ya ce to me ke riƙe da wandon? Na ɗaga gefen riga na nuna masa mazagi. Ya ce in bar shi a inda yake, don Allah.

Aljihun babbar riga kuwa rumbu ne. Makullai, waya, carbi, asuwaki, kwalbar turare, goro biyu a leda, da 'yar wuƙar da nake fasa goron da ita, wadda wallahi na manta tana ciki. Ita ce ta tsayar da layi. Mutum kusan ashirin a bayana suna kallon jami'in yana juya goro a hannunsa, ni kuma ina ƙoƙarin bayyana masa da Turancin tasi cewa ci ake yi, yana hana barci. Wuƙar dai ba ta shiga ba.

A raina na zana akawu irin na gida: dattijo da biro a bayan kunne, fayiloli ɗaure da zare har rufi, fanka tana juyi. Abin da na tarar ɗaki ne mai kanta da tagogi, da jerin kwamfutoci a gefe da kowa ke iya zama ya bincika. Da layi ya zo kaina na yi gaisuwa mai kyau, na fara ba matar labari tun daga ranar da ƙanƙara ta sauka. Ta bar ni na kai daidai inda mutumin ya fito yana zagi, sannan ta ce, "Indes namba?"

Ashe kowace ƙara tana da lambarta, da shekarar da aka shigar da ita a manne a ƙarshe, kuma da wannan lamba ake kiran fayil. Labarina ba shi da amfani a wurin. Na ce ba ni da lamba, amma ina da suna. Ta nuna mini kwamfuta.

Sunana Muhammadu. Na rubuta shi yadda yake a fasfona, allo ya cika. Na rubuta yadda yake a lasisin tuƙi, don wanda ya cika mini takarda a shekarar farko ya ƙara mini harafi ɗaya, allo ya sake cika da wasu mutanen daban. Akwai mai O, akwai mai U, akwai mai M biyu a tsakiya, akwai wanda ya ƙare da E-D. Ban taɓa sanin al'ummar Annabi na shan ƙara haka a Bronx ba. Wannan banki na bin sa, wancan ya kai mai gini ƙara, wani shi da kamfanin inshora. Na fi awa ɗaya ina karanta matsalolin takwarorina, har na fara tausayin wani da aka kai ƙara sau uku a shekara ɗaya. Tawa dai babu.

Na koma taga. Matar ta ce in nuna mata saƙon da aka turo mini. Ta duba daƙiƙa biyu ta juyo mini da wayar, ta sa farce a ƙarƙashin wani layi da firgicin Kotun Ƙoli bai bar ni na karanta ba. Ta ce ai wannan ta gundumar Kings ce, ba tasu ba.

Na ce, "Ina ne kuma Kings? Tafiyar awa nawa ce?"

Ta dube ni, ta dubi hular. Ta ce, "Brooklyn."

Shekara 14, jama'a. Babu lungun Brooklyn da ban kai fasinja ba, har wani asibiti mai wannan suna na sha sauke mutane, na ɗauka sunan asibitin ne kawai. Ashe yankuna biyar na birnin kowanne gunduma ce mai kotunta da akawunta, kuma uku suna da suna biyu kamar 'yan gudun bashi: Brooklyn ita ce Kings, Manhattan ita ce gundumar New York, Staten Island ita ce Richmond. Tun 1683 Turawan Ingila suka raɗa wa Kings suna don girmama sarkinsu. Tamu ta Bronx ce auta a gundumomi 62 na jihar, sai 1914 aka yanke mata cibiya.

Tunda na ga matar tana da haƙuri, na tattara ƙarfin hali na tambaye ta yadda aka yi 'yar ƙaramar magana ta kai Kotun Ƙoli. A nan ne ta yi dariya. Ta ce a jihar New York wannan sunan na kotun da ake fara shigar da manyan ƙararraki ne, kowace gunduma tana da tata. Wadda ta fi kowace girma a jihar tana Albany, kuma sunanta Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ta Washington da nake gani a talabijin ba ta ma san an haife ni ba. Na ji wani sanyi a raina, na kuma ji nauyin babbar rigar ya ninku.

Daɗin da na ji ya sa hannuna ya tafi aljihu da kansa, ɗabi'ar gida, a ba da na goro. Yatsuna sun riga sun kama takardar dala 20 sai idona ya faɗa kan jami'in da ke tsaye a bakin ƙofa da bindiga a ƙugu. Na saki kuɗin na ciro goron gaske na gatsa. Kafin in tafi na isar da saƙon Alhaji. Ta ce fayil ɗin rabuwar aure a rufe yake, ma'auratan da lauyoyinsu ne kaɗai ke gani, sai ya shekara 100 ake buɗe wa kowa. Da na gaya wa Alhaji, cewa ya yi yarinyar ba za ta iya jira ba.

Na karɓi wuƙata a ƙofa, na tuna can ma za a karɓe, na jefa ta a kwandon shara da takaici, na hau jirgin ƙasa mai lamba 4 daga titi na 161 har tashar Borough Hall da ke Brooklyn. A cikin jirgi wata tsohuwa ta tambaye ni ko ni sarki ne a ƙasarmu. Na ce a'a, amma gundumar sarakuna za ni.

A can ma kwamfuta ta ce ba ta san ni ba. Yunwa ta kama ni, azahar na neman wucewa, na kira Ummi, wadda take aji na ƙarshe a sakandare, don kawai in huce. Ta ce, "Baba, ka gwada juya sunan?" Kafin in gama tambayar me take nufi, ta shiga shafin kotunan jihar a wayarta, a lokacin cin abincin makaranta, ta turo mini lambar. Lauyan mutumin ne ya mai da sunan mahaifina nawa, nawa ya zama na mahaifina, ya kuma rubuta Muhammadun da wani salo na huɗu da ban gwada ba. Ta ƙara da cewa, "Da ka tambaye ni jiya ai." Na ce ta koma aji.

Na kai lamba taga da taƙama. Saurayin ya ce fayil ɗin tsoho ne, na takarda, yana ma'ajiya, in cika 'yar takarda in dawo bayan kwanaki. Na dawo, wannan karon da rigar sanyin direba, amma ban bar jakar ba. Aka miƙo fayil, na buɗe, na tarar da abin da nake nema: takardar janye ƙara, shafi ɗaya tal, da sa hannun lauyoyi biyu. Inshora ta yi sulhu da mai ciwon wuya tun tuni, ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini. Na ɗauki hotonta a injin kwafi, na ninke, na saka a Ghana-mos-go, tana ta yawo a ciki ita kaɗai.

Matar takardun kuɗi ta karɓa ta juya bayanta, ta shafa da yatsa. Ta ce ina hatimi? Wannan kwafi ne kawai, ita wanda akawu ya tabbatar take so. Tafiya ta uku ke nan zuwa Brooklyn, na biya 'yan daloli a tagar kashiya, aka buga hatimi aka sa hannu, duka-duka bai kai minti goma ba. Da na kai mata, ko karantawa ba ta yi ba, ta jefa a fayil ta ce sai ranar sa hannu.

Da daddare na kira Hajiya in gaya mata gaskiyar lamari, cewa kotun ba ta ƙoli ba ce, kuma ba a ma yi shari'ar ba. Ina cewa "an gama, Hajiya" ta rangaɗa guɗa. Ashe an yi sauka uku, an yanka rago, an raba waina a unguwa. Na yi ta "Hajiya, tsaya ki ji", ina, ta riga ta miƙa wa Kawu waya.

"Ɗana," in ji Kawu, "mun ji yadda ka kayar da Bature a Kotun Ƙoli. Allah ya ƙara ɗaukaka. To, ka san maganar gonar nan tamu ta gado da ke gaban alƙali shekara bakwai? Zan turo maka takardun ta WhatsApp, ka duba mana."

Shafi 46 ya turo, rabinsu a kife. Jiya ma ya kira yana tambayar inda aka kwana.