Ku daina yi mana wa'azin ƙwazo a kan maki 69 da 7

A watan Nuwamban 2024, a filin Allegiant da ke Las Vegas, inda aka buga Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, a farkon shekarar, makarantar sakandare ta kuɗi Bishop Gorman ta lallasa Arbor View, makarantar gwamnati, da maki 69 da 7. Wasan ƙarshe ne fa, na cin kofin jihar Nevada a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wato an tace an tace, waɗannan biyun ne suka rage. A 2023 da Liberty Gorman ta kara a wasan ƙarshe, ta ci 56 da 11. A 2022 ta ci 70 da 6. A 2021 kuma 56 da 7. Duk wanda ya taɓa zama a da'irar dambe ya san abin da 'yan kallo ke yi idan aka haɗa ƙato da wanda ba sa'ansa ba: ihu suke yi a raba, ba wanda ke yi wa ƙaton kirari.

Amma a nan kirarin ake yi, kuma shi ne ya ishe ni. Da zarar an busa tashi sai masu sharhi su hau mumbari. Wai sirrin Gorman tarbiyya ce. Wai yaran suna tashi tun da duku-duku su ɗaga ƙarfe, wai suna da ladabi, wai akwai al'adar cin nasara a jininsu. Ƙarshen huɗubar kullum ɗaya ne, sauran makarantu su daina ƙorafi su ƙara himma. Wannan magana tana da daɗin ji, shi ya sa take da farin jini, domin tana mayar da wanda aka fi ƙarfi mai laifi, ta bar mai ƙarfin da lada biyu.

To mu ɗauki tarbiyyar mu auna. Gorman makarantar Katolika ce, an kafa ta a 1954. Wadda ta sha kashi 70 da 6 a 2022, Bishop Manogue ta birnin Reno, ita ma ta Katolika ce, ita ma ta kuɗi ce. Coci ɗaya, addu'a ɗaya. Idan tsoron Allah da ladabi ne ke zura maki, ina nata rabon ya maƙale? Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da wannan ruwan a fili yake ga duk mai son gani.

Abu na farko taswira ce. A Amurka adireshin gidanku ne ke zaɓar maka makarantar gwamnati. Hukumar ilimi ta ja layi a kan unguwanni, duk yaron da ya faɗo cikin layin naka ne, dogo ko gajere, mai gudu ko mai jan ƙafa. Kocin makarantar gwamnati da abin da ya tarar a tukunya yake miya. Idan bana unguwar ta haifar masa ƙarti uku, ya gode wa Allah. Idan suka gama suka tafi, sai ya jira wani zubin. Makarantar kuɗi ba ta da layi. Gundumar Clark, inda Las Vegas take, tana da mutum sama da miliyan biyu, kuma ƙofar Gorman a buɗe take ga kowane gida a cikinta da ma wajenta. Tate Martell, mai jefa ƙwallon da ya jagorance ta shekara uku ba a doke su ba, daga Kalifoniya ya zo. Cordell Broadus, ɗan mawaƙin nan Snoop Dogg, shi ma daga Kalifoniya ya ƙauro a 2014 ya yi shekararsa ta ƙarshe a can. A gasar unguwanni ta gida, kawo ɗan haya guda ɗaya daga wata unguwa ya isa ya tada rigimar da sai dattawa sun sa baki. A nan tsarin ne da kansa ya halatta wa ɓangare ɗaya ya yi kamu a teku, ya ce wa ɗayan ya tsaya a kududdufin bayan gidansu, sannan a ba su kofi ɗaya su nema.

Za a ce ai doka ta hana zawarcin 'yan wasa. Haka ne, a takarda. Kusan kowace jiha tana da wannan doka, kuma an taɓa kai ta har ƙoli. A 1997 kocin Brentwood Academy ta jihar Tennessee, Carlton Flatt, ya aika wa wasu yara da ba su riga sun fara karatu a makarantar ba wasiƙar gayyata zuwa atisaye. Hukumar wasannin jihar ta hukunta makarantar, makarantar ta garzaya kotu, aka yi shekara goma ana ja, shari'ar ta je Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, a 2007 kotun ta ce dokar tana nan daram. Madalla. Sai dai dokar wasiƙa take kamawa, ba ta kama suna. Makarantar da ake nuna wasanninta a tashar talabijin ta wasanni ESPN ba ta buƙatar rubuta wa kowa wasiƙa. Uban da ɗansa ya kai kilo 110 yana ɗan shekara 14 ya san hanya, da ƙafarsa zai je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Idan kuɗin makaranta ya fi ƙarfinsa akwai tallafin karatu, wanda ake cewa don talauci ake bayarwa ba don wasa ba. Ban ce ƙarya ba ne. Na dai lura talaucin da ke gudun mita 100 cikin daƙiƙa 11 ya fi saurin samun mai jin ƙansa.

Abu na biyu kuɗi ne, masu gidan rana. A 2007 Gorman ta tashi daga tsohon matsuguninta a cikin gari ta koma sabon gini a Summerlin, unguwar masu hannu da shuni. Bayan 'yan shekaru aka buɗe mata cibiyar horar da 'yan wasa mai faɗin ƙafa murabba'i sama da 41,000, mai ɗauke da sunan iyalan Fertitta, masu gidajen cacar Station Casinos, waɗanda kuma suka mallaki gasar faɗan UFC har zuwa 2016. Akwai ɗakin ɗaga ƙarfe da wasu ƙananan jami'o'i za su yi sha'awa, da ɗakin kallon bidiyon wasa, da wurin jinyar rauni da ruwa. Ku duba lokacin da nasarorin suka fara zuba: kofin jiha goma a jere daga 2009 zuwa 2018, zakarar ƙasa baki ɗaya a 2014 da 2015 da 2016, wasa 55 a jere ba faɗuwa. Makarantar ta shekara sama da hamsin tana koyar da tarbiyya iri ɗaya kafin nan. Me ya hana tarbiyyar haifar da haka a tsohon gini?

Na taɓa raka wani maƙwabcina kallon ɗansa a wata makarantar gwamnati, a wani gari daban, daren Juma'a. Kocinsu malamin tarihi ne da rana. Kafin a fara wasa na gan shi da idona yana jan buhun riguna daga bayan motarsa, a gida ya wanko su. Iyaye mata sun kafa tebur a bakin ƙofa suna sayar da gugguru da lemo don a haɗa kuɗin motar da za ta kai yaran wasan waje. Ɗan maƙwabcin nawa yana buga tsaro, ana karɓe ƙwallo sai ya juya ya buga gaba, don ba su da isassun mutane. Abokan karawarsu, wata makarantar kuɗi, sun sauko daga manyan motoci biyu, kowane wuri da mutum biyu ko uku masu jiran canji, masu horarwa kuwa na ƙirga har na gaji. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an saki agogo yana tafiya ba tsayawa, dokar jin ƙai ke nan da ake amfani da ita idan tazara ta yi yawa. Yaron ya fito yana ɗingishi, uban ya riƙe masa hular kwano har mota, ba wanda ya ce uffan. A je a gaya wa wannan yaron ƙwazo ne ya yi masa ƙaranci.

Da zarar taswira da kuɗi sun haɗu, sauran aikin yana yin kansa. Masu cigiyar 'yan wasa daga manyan jami'o'i ba su da lokacin zaga makarantu talatin, sai su je inda za su ga yara goma a yammaci ɗaya. Gurbin karatu kyauta a jami'ar Amurka dukiya ce, don haka iyaye suna bin masu cigiyar. Yaro mai kyau yana atisaye kullum da wanda ya fi shi, sai ya ƙara gogewa. Tsofaffin ɗalibai irin su DeMarco Murray da Ronnie Stanley suka shiga NFL, gasar ƙwararru ta wannan wasa, sunan makaranta ya ƙara tashi, masu bayar da gudummawa suka ƙara buɗe aljihu. Kowane gwanin da ya koma can kuma riba biyu ce, an ƙara wa mai ƙarfi, an rage wa makarantar unguwar da ya baro.

Na san hujjar da ake ɓoyewa a aljihu don irin wannan rana: De La Salle ta Concord a Kalifoniya, da kocinta Bob Ladouceur. Wasa 151 a jere daga 1992 zuwa 2004, har sai da Bellevue ta jihar Washington ta karya lagon da 39 da 20. Gaskiya ne sau da yawa yaransa ba su kai abokan karawarsu girman jiki ba, kuma mutumin gwani ne, ban da ja a nan. Amma ita ma ba ta da layin unguwa. Kuma ku dubi abin da ya same ta da aka samu waɗanda suka fi ta faɗin wurin kamu. Daga 2016 zuwa 2019 ta je wasan ƙarshe na jiha sau huɗu a jere, ta faɗi duka huɗun, biyu a hannun St. John Bosco, biyu a hannun Mater Dei, makarantun kuɗi na kudancin Kalifoniya masu ɗiba daga yankin Los Angeles da kewaye. Tarbiyyar De La Salle ba ta ragu ba, ta dai gamu da gamonta. Mater Dei ita kaɗai ta yaye mutum uku da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i: John Huarte, Matt Leinart da Bryce Young.

Masu cewa ai Liberty, makarantar gwamnati, ta doke Gorman 30 da 24 a 2019, su ƙarasa zancen: kafin wannan daren Gorman ta yi wasa 115 a jere ba wata makarantar Nevada da ta kayar da ita. Masu nuna Texas kuma, inda makarantun gwamnati ke mulki, su tuna garin Allen dala miliyan 60 ya zuba a filin wasa mai kujera 18,000, kuma a can galibin makarantun kuɗi gasarsu daban. Hujjata suke ƙarfafawa ba su sani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wa'azin nan yana rufe batun lafiyar yara. Wannan wasa ne na karo, jiki da jiki, kai da kai. A 2016 Archbishop Murphy ta Everett a jihar Washington ta ci wasanninta uku na farko da jimillar maki 170, ba a zura mata ko ɗaya ba. Tana da yara masu nauyin kilo 136 da ɗoriya, a gefe guda wata makarantar ƙauye tana da ɗan shekara 14 mai kilo 53. Makarantu biyar suka ƙi fitowa, suka gwammace a rubuta musu faɗuwa. A 2018 abu irin wannan ya faru a Baltimore, makarantun da ke rukuni ɗaya da St. Frances Academy suka janye ɗaya bayan ɗaya, kuma su ma na kuɗi ne. An kira su matsorata. Mai kiran uwa matsoraciya don ta hana a haɗa ɗanta karo da wanda ya ninka shi biyu da rabi, ina so in ga ko nasa ɗan zai tura.

Hukumomin wasanni sun san duk wannan, sai dai suna ta shafa wa gyambo mai. Illinois tana ninka yawan ɗaliban makarantar da ba ta da layin unguwa da 1.65 don a tura ta rukuni na sama, Alabama ta fara da 1.35. Lissafin banza ne ga makarantar da tuni take rukunin ƙoli, ina kuma za a tura ta, sama ta bakwai? Tennessee ta fi su gaskiya, tun 1997 ta ware wa makarantun da ke ba 'yan wasa tallafin karatu rukuninsu.

Ni abin da nake gani mai sauƙi ne. Makarantar da ke ɗiba ba iyaka ta kara da irinta. Gorman dama tana tashi a jirgi ta je ta buga da Mater Dei da manyan makarantun Florida a farkon kaka, kuma a can ne kawai ake ganin wasanta na gaskiya. To ta ƙarasa kakar a can. IMG Academy ta Florida, wadda aka sayar a kan dala biliyan 1.25 a 2023, ba ta shiga neman kofin jiharta a wannan wasa, kuma ba a ji ta mutu ba. Yadda za a tsara jadawalin da wanda zai biya kuɗin jirgi, wannan aikin masu cin albashin hukumar ne. Su dai bar wa yaran Arbor View da Liberty kofin da idan sun fito nemansa ba za a saki agogo ba kafin a dawo daga hutun rabin lokaci.