Ku bar wa yarinya kibod ɗin

Akwai abin da na daɗe ina gani a ajin koyon gina shafin yanar gizo, kuma yau sai na faɗa. Duk lokacin da aka zaunar da yaro da yarinya a gaban kwamfuta ɗaya, kafin ka ankara kibod ya koma gaban yaron, ita kuma an ce mata ta zaɓi kala. Shi ke rubuta HTML, yaren da ake gina shafi da shi, shi ke fama da JavaScript mai sa shafin ya yi motsi, ita tana gefe tana cewa shuɗi ya fi kore kyau. Ƙarshen zango a ba su satifiket iri ɗaya, alhali hannunta bai taɓa ɓata komai ba balle ya gyara. Wallahi laifinmu ne mu malamai, don a gabanmu ake yi muna kallo.

Ina tuna wata ɗalibata 'yar shekara 14. Ranar farko da ta zauna ita kaɗai, ta manta ba ta rufe alamar div ɗaya ba, wato alamar da ke ware sashen shafi a HTML, shafin duk ya watse, hoto ya hau kan rubutu. Ta cire hannu daga kibod, ta ɗago kai tana jira in zo in karɓa, kamar yadda aka saba yi mata. Na ce ta danna F12, maɓallin da ke nuna HTML ɗin shafin, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta fi minti ashirin tana bi da yatsa a kan gilashin kwamfutar, tana cizon leɓe. Da ta gano wurin, ba ta ko kalle ni ba. Ta gyara, ta sake goge alamar da gangan don ta ga ko shafin zai ƙara watsewa.

Masu cewa wannan aiki bai dace da mata ba, su koma tarihi. A 1843 Ada Lovelace ta rubuta matakan lissafi don injin lissafin da Charles Babbage ya tsara. Mata shida ne suka fara tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, aiki a Amurka, kuma Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969.

Ita ma kalar da ake tura su zaɓa, an raina ta ne don ba a san nauyinta ba. Tsara shafi ba kwalliya ba ce. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, domin mai raunin gani ya iya karantawa. Hoto yana buƙatar bayani a rubuce, saboda makaho da manhaja ke karanta masa shafi. Ga mai ƙaramar waya da intanet mai jan ƙafa, wanda hoto ɗaya mai nauyi zai sa ya haƙura ya fita. Duk wannan a cikin HTML da CSS, yaren tsara kamannin shafi, ake gyara shi, to yaya wadda ba a bari ta taɓa kibod ba za ta yi?

Yanzu a ajina agogo nake saitawa. Duk minti goma sai a yi musanyar kujera, kuma wanda ke gefe da baki kawai zai taimaka, hannunsa na kan cinyarsa. Makon farko samarin sun yi ta gunaguni. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba.