Yadda na gaida surukina daga cikin laka

Tun da abokina Dogo ya riga ya watsa bidiyon faɗuwata a tseren keke a guruf uku, har da na 'yan ajinmu na sakandare da rabona da yin magana a ciki tun bara, gara in ba da labarin da bakina. Ko ba komai a san cewa daƙiƙa 40 ɗin nan da kuka kalla kuna ƙyaƙyatawa ba su ne duka tseren ba.

Kun dai san yadda aka faro. Ciyaman ɗinmu ya sa tseren ranar Asabar, mu tara, a tashi daga bakin titi a gangara fadama, a zaga ta bayan gonakin shinkafa a dawo, sau biyu. Kowa ya zuba dubu biyu, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, a ɗora masa zakara. Daren Juma'a aka kwana ana ruwa, irin ruwan watan Agusta na Argungu da ba tsawa ba iska, sai dai zuba kamar an manta da famfo a buɗe. Da asuba Ciyaman ya ce a ɗage. Wa ya tashi ya hana? Ni. Ni na tura saƙon murya na minti huɗu ina cewa a cikin laka ake gane maza. Yana nan a guruf, Dogo ya sake turo shi jiya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Laifin YouTube ne. Sati biyu na yi ina ƙona data a kan gasar keken hawan dutse. Akwai wani Bature ɗan Ingila, Danny Hart, da ya ci gasar duniya ta gangara a Suwizalan a 2011, ana sheƙa ruwa, dutsen ya zama kamar an zuba masa miyar kuɓewa, amma ya ba na biyu ratar sama da daƙiƙa 11. Na kalli wannan bidiyo ya fi sau ashirin. Ga Tom Pidcock da tayarsa ta fashe a tsakiyar tsere a Olamfik na Paris a 2024, aka sauya masa, ya biyo su ya karɓe zinare. A tseren nan dai ɗan Afirka ta Kudu, Alan Hatherly, ya zo na uku. Na ce ashe har da 'yan nahiyarmu, to ni me zai hana? Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne su kekensu ya kai kuɗin mota, ni kuwa nawa gwanjo ne, giya 21 a rubuce, bakwai ke shiga.

Amma fa na yi shiri, kada wani ya ce ban yi ba. Na ji masana suna cewa in ƙasa ta jiƙe a rage wa taya iska don ta baje ta kama ƙasa. Na je wurin Oga Faci na ce ya rage. Ya dube ni ya ce shekara 20 yana wannan sana'a, mutane iska suke zuwa a ƙara musu, yau ga mai biya a cire. Ya karɓi ɗari biyu duk da haka. Na kuma ji cewa wasu kan fesa mai a jikin keke don kada laka ta manne. Ba ni da abin fesawa, sai na shiga kicin kafin Maman Ummi ta tashi, na ɗauki kwalbar man gyaɗa na shafe keken tun daga kai har feda. Sannan na saka wandon nan na 'yan tseren keke. Kun gan shi, ba sai na siffanta ba. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa haka ake sa shi, ba a saka komai a ciki.

Kilomita na farko ni ne a gaba, wannan Dogo bai ɗauka ba. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, ruwa ya danne ƙura, keke na tafiya kamar an turo shi. Har na waiwaya na ɗaga wa Ma'aji hannu.

Muna gangarawa fadama labari ya sha bamban. Duk ɗan Kabi ya san baƙar lakar nan: da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta zama danƙo. Lakar Turawa da nake gani a bidiyo fallatsa take yi ta zube. Tamu ba ta zubewa, aure take ɗaurawa. Haƙoran tayar suka cike tas, taya ta zama sulɓi kamar tuwo, sannan lakar ta fara taruwa tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita, dunƙule kan dunƙule, har wili ya fara gurnani. Man gyaɗan kuwa babu abin da ya hana, sai ma ciyawa da ya janyo, ga ƙamshi ina tafe kamar mai tuyar ƙosai. Na sauya giya, kaca ta yi ƙara ta ƙi. Na sauka na tsinci kara na sakace, na hau, taku goma ta sake cikewa. Dogo ya wuce ni da kekensa a kafaɗa. Ma'aji ya wuce. Har Ɗan Auta da ya zo da Phoenix ɗin babansa, mai kariya da ƙararrawa, ya wuce yana tura shi yana fito.

Sai wata Bafulatana ta zo ta wuce ni. A ƙasa take, ba takalmi, ƙwaryar nono a ka, goyo a baya, tana taka jingar nan kamar a kan siminti, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ɗan karkato ido ta dubi hular kwanona, ta dubi wandon, ta ce, "Sannu mai keke." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wannan sannun ita ta kai ni ta baro. Zuciya ta ɗebe ni na ce sai na wuce ta. Akwai 'yar gangara daga kan jinga zuwa mashigin ruwa, wurin bai fi taku goma sha biyar ba. Na tuna duk abin da na koya: a ja jiki baya, a sassauta hannu, a taɓa burkin baya a hankali, kada a damƙi na gaba. Na ja jiki baya. Na taɓa burkin baya, shiru. Burkina irin na roba ne mai matse gefen wili, ba na faifai ba, kuma wanda ya shafe gefen wilin nan da man gyaɗa da hannunsa kun san shi. Na sake matsawa, shiru, keke sai ƙara gudu yake. Sai hannuna na hagu ya yanke hukunci ba tare da shawara da ni ba, ya damƙe na gaba iya ƙarfinsa, daidai lokacin da tayar gaba ta nutse a laka har rabi.

Keke ya tsaya. Ni ban tsaya ba.

Mutane na cewa irin wannan abu kamar ƙiftawar ido ne. Ƙarya ne. Na sami lokacin ganin sirdina daga sama, abin da ban taɓa gani ba tun da na sayi keken. Na ga takalmina na dama ya yi gabas shi kaɗai. Na ji wani ɗan sauti, ƙyat, daga baya, na san wandon ne, har na yi lissafin dubu shida da na biya. Na ga shinkafa kore shar tana tahowa, na ce a raina bana manoma za su samu. Sannan na shiga da ka. Ba faɗuwa na yi a kan laka ba, dasa ni aka yi. Da na zaro kaina sai da ta yi irin ƙarar nan ta zare ƙafa daga taɓo, ɓul, ruwa ya cika ramin da na bari. Hular kwano ta juye ta rufe ido ɗaya, ɗayan kuma laka ta rufe. Wani yaro daga can gefe ya ƙwala ihu, "An kama giwan ruwa!" Sauran suka ɗauka. A Matan Fada sai mutum ya shiga da gora da homa, ya yi ta fama cikin dubban masunta kafin ya fito da giwan ruwa, yau ga shi ya kawo kansa gona ba a lokacin biki ba.

Ina share ido sai na ga ƙafafu biyu a gabana, da ƙotar fartanya. Na ɗaga kai. Baba ne. Mahaifin Maman Ummi. Shekara shida da aure, ban taɓa zama a gabansa ba hula ba, ban taɓa cin abinci inda yake ba, in na hango shi a kasuwa sauka nake daga babur. Na san yana da gona a fadama, amma ban taɓa tambayar wace ce ba, ga shi yau na sani, har na auna zurfinta.

Ya duƙo ya dube ni, bai gane ni ba. Uwar da ta haife ni ma ba za ta gane ni ba. Ya ce, "Subhanallahi! Yaro, mi yak kawo ka cikin shinkahwata? Ɗan wa na?"

Nan dabara ta zo mini. Na ce in dai ban yi magana da muryata ba, zan fita daga gonar nan a matsayin baƙo, in mutu da sirrina. Na shaƙe murya kamar mai mura na ce, "Daga Jega nake." Ban san me ya sa Jega ba. Ba ni da kowa a Jega. Ya ce, "Jega? Da wanga tufafi?" Na gyaɗa kai. Ya miƙo hannu zai jawo ni, na ƙi tashi, don na san abin da ke bayana, ko in ce abin da babu. Da an bar mu haka, wallahi da na tsira.

Sai muryar Dogo daga kan jinga: "Baban Ummi, ɗago kai ka kalli kamara! Baba, ai surukinka ne!"

Bari in tsaya a kan Dogo. Mutumin nan yana cikin tsere. Yana matsayi na biyu, Ma'aji ya tabbatar mini. Kuɗi dubu 18 da zakara suna gabansa. Ya ji ihun yara, ya ajiye kekensa, ya dawo da baya a guje cikin lakar da ya sha wuya ya fita, don kawai ya ɗauke ni. Ya zaɓi ya rasa zakara da ya rasa wannan. Kuma wayar da ya ɗauka da ita, wa ya tsaya masa aka ba shi bashi? Ranar ɗaurin aurensa da motar ango ta mutu a hanyar Birnin Kebbi, wa ya tura? Dubu biyar ɗina na tun azumi ban taɓa tambaya ba, kuma yanzu ma ba tambaya nake ba, ina dai faɗa ne. Ya ce wai ya zo taimako. Ku sake kallon bidiyon, ku nuna mini inda hannunsa ya miƙo. Abin da za ku ji kawai numfashinsa ne yana shiɗewa, da inda yake ce wa yaran su matsa suna tare masa haske.

Baba dai ya yi shiru. Ya dube ni, ya dubi Dogo, sannan ya juya mini baya a hankali ya kama kallon sama kamar mai duban hadari. Ni kuwa tarbiyya ta motsa. Ba a ganin suruki a ƙi durƙusawa, to ga ni a durƙushe tun ɗazu, laka har cinya. Na ce da muryata ta gaskiya, "Baba, ina kwana."

Ya ce, yana kallon sama, "Lahiya lau. Ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya."

Ya ce, "Ya ruwa?"

Me zan ce? Amsa ɗaya ce tun kaka da kakanni. Na tofar da lakar da ke bakina na ce, "Ruwa ya yi gyara."

A nan ne kuka ji bidiyon ya girgiza, Dogo ne ya zauna a ƙasa.

Baba bai yi dariya ba, kuma wannan karar ba zan manta da ita ba. Ya taka zuwa bakin gona, ya zazzage ragowar takin da ke cikin wani buhu, ya miƙo mini ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na ɗaura a ƙugu. Haka na fito, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ina jan keken da wilinsa ya daina juyawa, da NPK 15-15-15 rubuce ɓaro-ɓaro a bayana. Masu kirana Sha Biyar tun ranar, ina jin ku, kuma ina rubuta sunaye. Da na yi nisa kaɗan sai na ji ya ce, "A gaida mutanen Jega."

Ɗan Auta ne ya ci, da Phoenix. Rabin hanya ma tura shi ya yi, amma Ciyaman ya ce ba a hana turi ba, kuma gaskiya ne, a gasar Turawan ma ana sauka a tura. An yanka zakaran a gidansu, ba a kira ni ba, ko an kira wayata na cikin shinkafa tana bushewa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maman Ummi ba ta ce komai a kan wando ba, ba ta ce komai a kan Baba ba. Ta ajiye mini bokitin ruwa biyu da sabulun wanki, ta tsaya riƙe da kwalbar da babu komai a ciki, ta ce, "Man fa?" Na saya jiya, ta ce ba irinsa ba ne, wancan na gida ne daga wurin yayarta.

Jiya da yamma Baba ya aiko yaro da takalmin, an wanke shi tas. Sai dai na hagu ne, kuma ba nawa ba ne. Duk wanda ya san ya yi asarar takalmi lamba 42 a fadama ya zo ya karɓa. Buhun ma har yanzu ban san ko mayarwa ake yi ba.