Kafin ka tura bidiyon wadda ta ci sifili

Ƴan uwa matasa, samari da ƴan mata, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu wadda ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Duk lokacin gasar Olamfik sai a yanko ɗan guntun bidiyo na wata ƴar wasan tsalle cikin ruwa da ta yi kuskure, a ɗora masa kiɗa da alamar dariya, mu kuma mu yi ta turawa kamar an biya mu. Haba jama'a. Yawancin masu dariyar nan fa ko yadda ake ba da makin wasan ba su sani ba.

To bari ku ji. Allon da matan nan suke hawa yana sama da ruwa da mita 3, na alminiyum ne mai lanƙwasa kamar sifirin, kuma akwai wata ƴar taya a gefensa da kowacce take murzawa da ƙafa don ta daidaita laushinsa yadda ya dace da ita. Za ta taka, ta daka tsalle, ta dira daidai bakin allon, shi kuma ya cilla ta sama, a cikin iskar ne za ta yi alkafura biyu da rabi ko uku da rabi, wani lokacin har da murɗa jiki, sannan ta miƙe sambal ta shige ruwa da hannu ba tare da ya fantsama ba. Duk wannan kafin ka ƙifta ido sau biyu an gama. Alƙalai 7 ne, a zubar da maki biyu na sama da biyu na ƙasa, a haɗa ukun da suka rage a ninka da makin wahalar tsallen. Tsalle 5 kacal mace take yi a kowane zagaye, kenan idan ɗaya ya lalace kusan shikenan.

Yanzu ku dubi Pamela Ware ta Kanada a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. A tsallenta na ƙarshe a zagayen kusa da na ƙarshe takunta ya kuskure, sai ta fasa alkafurar ta faɗa ruwa da ƙafa, aka ba ta sifili, duniya ta yi ta dariya. Amma wanda ya san wasan ya san idan taku ya ɓaci ka nace sai ka juya a iska, to kanka ko bayanka ne zai iya haɗuwa da allon. Ni dai a ganina hankali ta yi, ko da kuwa ya ci mata gasar. Alison Gibson ta Amurka kuwa a Faris 2024, tsallenta na farko ma ƙafafunta suka bugi allo, sifili, ga ciwo ga idon duniya a kanta, amma ta koma ta hau ta ƙarasa sauran huɗun duk da ta san zancen lambar yabo ya wuce. Kai da jarrabawa ɗaya ta kayar da kai ka ce ka bar karatu, wai kai ne kake mata dariya?

Abin da ya fi burge ni shi ne na Maddison Keeney ta Ostireliya. A tsallen ƴan bibbiyu a Faris ɗin dai, suna matsayi na uku ita da abokiyarta Anabelle Smith, a tsallen ƙarshe ƙafar Smith ta dira gefen allo, suka zame zuwa na biyar, ƴan Birtaniya suka ɗauke tagullar. Ba a yi sati biyu ba Keeney ta dawo ita kaɗai ta ci azurfa, bayan Chen Yiwen ta ƙasar Sin. Wannan bidiyon bai zagaya kamar na faɗuwar ba, kun lura?

Ko su ƴan Sin ɗin da tun 1988 babu wadda ta ƙwace musu zinaren tsallen mutum ɗaya na wannan allo a Olamfik, daga Gao Min zuwa Fu Mingxia, Guo Jingjing, Shi Tingmao, ba da zinare aka haife su ba. Guo ta je 1996 ta dawo hannu rabbana, 2000 azurfa, sai 2004 ta hau sama. Wu Minxia a tsallen mutum ɗaya azurfa ta ci a 2004, ta koma tagulla a 2008, sai a Landan 2012 ta samu zinaren, shekara 8 tana bin abu ɗaya. Kuma ba na cewa komai nasu abin koyi ne, don bayan nasarar ne aka ji cewa iyayenta sun ɓoye mata rasuwar kakanninta da ciwon dajin mahaifiyarta wai kar hankalinta ya rabu, wannan kam ni ban yarda da shi ba, babu lambar da ta kai haka.

Don Allah in bidiyon irin wannan ya sake zuwa wayarka, nemi cikakken zagayen ka kalla tukuna, ka ga sauran tsalle huɗun da aka yanke.