Buhu ashirin a cire biyar

Da na kammala NCE na dawo gida Argungu, takarda tana cikin jaka, aiki kuwa shiru. Kawuna ya gaji da ganina a teburin mai shayi, sai ya haɗa ni da wani Alhaji mai noman shinkafa, wai in riƙa yi wa 'ya'yansa lesin bayan la'asar. Babban zai zana jarrabawar shiga sakandare, shi da lissafi kuma ba sa ga maciji. Zancen kuɗi bai taso ba. Alhaji dai ya ce, "Malam, ba za ka yi kuka da mu ba," ni kuma kunya ta hana ni tambayar nawa ke nan a naira.

Na goge kaftani, na sayi alli kwali guda, na rubuta tsarin darasi da jan biro da shuɗi. A kwaleji an sha nanata mana cewa a fara da abin da yaro ya sani, sannan a kai shi ga abin da bai sani ba. To me ɗan Argungu ya sani in ba kifi da shinkafa ba? Tun da Buhari ya zo Birnin Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa, har masu zaman ofis sai da suka nemi gona a fadama. Don haka na yi watsi da tuffar da ke cikin littafi, na ce da buhu za mu yi lissafi.

A zaure aka shimfiɗa mana tabarma. Allon wani falanki ne da aka baƙanta da garin batir, in ka taɓa sai ya biyo ka gida. Ga babban, ga ƙanwarsa, ga Auta da ya zo kallo da rake a hannu. Can gefe kakansu yana kishingiɗe da carbi, na ɗauka barci yake.

Na gyara murya na ce, "Manomi ya samu buhu 20, ya sayar da 5. Saura nawa?"

Yaro ya yi shiru yana kallon rufi. Har na fara tausaya masa, sai ya ce, "Malam, noman rani na ko na damana?"

Na ce mene ne ruwan lissafi da wannan?

Ya ce da ruwansa mana. In na damina ne, ruwan Allah ya shayar, zakka ɗaya cikin goma, buhu 2 sun fita, saura 13. In na rani ne da injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin, buhu 1, saura 14. Ya dubi 15 ɗin da na riga na rubuta a gefen allo ya ce, "Wagga kam sai in manomin bai tsoron Allah."

Daga inda yake kwance tsoho ya ce, "Yaron ga ya yi gaskiya." Ya tashi zaune, aji ya koma hannunsa. Ina haƙƙin masu yanka da masu bugu? An biya bashin taki? Man injin fa? Ƙanwar ta tambaya ko jan-baki sun sauka a gonar, kuma buhu biyar ɗin nan kuɗi hannu ne ko bashi. Kafin kiran magariba manomina ya koma buhu 6, ana kuma binsa.

Matsalar ita ce mai duba takardar jarrabawa 15 yake jira. Da na faɗa wa yaron haka sai ya ce, "Ƙarya ke nan zan rubuta?" Ina ta gumi, can dabara ta zo mini, na ce ai manomin ya riga ya fitar da zakkarsa tun kafin mu iso. Aka zauna lafiya. Tun daga ranar, ko lemo ake rabawa a allo sai na fara da "bayan an fitar da haƙƙin Allah".

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, yaron nan in ka rubuta masa 1/10 da 1/20, rantsuwa zai yi na biyun ya fi girma, tunda ashirin ta fi goma. Amma ka tambaye shi wa ya fi fitar da zakka mai yawa, ba ya ko numfasawa zai ce mai damina. A ganina yaron ya daɗe da iya lissafi, a rubuce ne bai taɓa gane fuskarsa ba. Sai na riƙa rubuta "damina" a ƙarƙashin wannan, "rani" a ƙarƙashin wancan, har ya daina buƙata.

Ƙarshen wata na sa kaftani mai babban aljihu. Alhaji ya yi ta sa albarka, sannan ya sa aka fito mini da rabin buhun shanshera. Kuɗin ɗan acaba daga aljihuna, na turarawa da na inji ma haka. Ana ɗaure shi a bayan babur ɗalibina ya matso ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, bai kai nisabi ba."