Masu kukan an cire tsofaffin kayan Python, ina kuke shekara biyar?

Tun da Python 3.13, wato wani sabon zubi na harshen rubuta manhajar kwamfuta mai suna Python, ta fito a watan Oktoban 2024 ake ta jin kukan masu cewa an yi musu ba-zata. Wani ya sabunta na'urarsa, sai manhajar da ya rubuta tun shekarun baya ta ƙi tashi saboda babu cgi, ɗaya daga cikin tsofaffin kayan aikin da a da ke zuwa tare da Python. Wani kuma telnetlib, wadda ake shiga wata kwamfuta daga nesa da ita, ya nema ya rasa. Daga nan sai zagi ya koma kan majalisar mutum biyar da ke jagorantar harshen, wai wasu 'yan tsiraru ne suka kulle ƙofa suka yanke wa miliyoyin mutane hukunci. Wannan magana ta ishe ni, domin ba gaskiya ba ce.

Babban sauyi ba ya shiga rumbun kayan aikin Python sai an rubuta takardar shawara, wadda ake kira PEP, an ba ta lamba. Mai shawara zai faɗi dalilinsa, ya faɗi abin da sauyin zai lalata, ya jera ra'ayoyin da aka kawo aka ƙi, tare da hujjar ƙin su. Idan ba ya cikin manyan masu kula da harshen, sai ya samo ɗayansu ya tsaya masa. Sannan a baza takardar a fili, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kafin majalisa ta yanke hukunci. Ita kanta majalisar zaɓenta ake yi, tun bayan da Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya ajiye jagoranci a 2018, lokacin da rigimar wata takardar shawara, PEP 572, ta gajiyar da shi.

Takardar da ta jawo wannan kuka ita ce PEP 594, wadda ta ba da shawarar cire tsofaffin kayan. Christian Heimes ne ya fara rubuta ta a 2019, Brett Cannon ya shigo daga baya. Sai a 2022 majalisa ta amince. A shekarar ne Python 3.11 ta fara gargaɗin duk mai amfani da kayan. Aka bar su a 3.12. Sai a 3.13 aka kwashe guda 19. Shekara biyar ke nan ana shela.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka yi magana a kan lokaci an saurare su. An yi maganar cire wave, wadda ake sarrafa sauti da ita. David Beazley, sanannen malamin Python, ya nuna cewa da ita ake jan hankalin yara masu koyo, domin yaro yana rubuta 'yan layuka sai ya ji kwamfuta ta yi ƙara. Aka bar ta. Haka colorsys ta tsira, da masu canza launuka suka ce suna buƙatarta. To me ya hana mai telnetlib zuwa ya kawo tasa hujjar? Ko da yake, wace hujja zai kawo wa hanyar da ke aika kalmar sirri tsirara, duk wanda ke kan layi ya karanta?

Wasu na cewa gargaɗin a ɓoye yake, ba kowa ke ganinsa ba. Wanda ke gwada manhajarsa kafin ya sake ta ya gan shi, wanda bai gani ba sai ya tambayi kansa dalili.

Masu cewa da an bar kayan kawai, ai ba su tsare wa kowa hanya ba, su ne ba su san nauyin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da ke cikin rumbun, dole wani ya gwada shi a kan kowace na'ura, ya amsa rahoton kuskure, ya tashi tsaye idan an gano kafar da ɓarayi za su bi. Akasarin masu wannan aiki na sa kai suke yi, bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su. Mun ga abin da ya faru da xz, wata manhajar matse fayil da ba ta Python ba, a watan Maris na 2024: mutum ɗaya da ya gaji yana riƙe da manhajar da duniya ta dogara da ita, aka yi ta matsa masa har ya ba wani dama, shi kuwa ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutsawa cikin na'urorin mutane. Ba don wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga na'urarsa ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa ba, da ɓarnar ta yi nisa. Wanda ya ga wannan, har yanzu yake so a ci gaba da jibga wa mutane kayan da babu mai kula da su, son kansa kawai yake yi.

Kuma ba a bar kowa a rana ba. Python 3.12 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har zuwa Oktoban 2028, cgi ma akwai kwafinta a PyPI, shafin da ake sauko da ƙarin kayan Python, ga mai so. Kamfanonin da ke cin riba da Python su ware ma'aikaci ko ɗaya ya riƙa karanta waɗannan takardu tun suna daftari, su kuma riƙa biyan masu kula da kayan da suke cewa ba za su iya rayuwa ba sai da su.