Kafin ka bar koyarwar da aka rene ka a kanta

'Yan'uwa matasa, kusan kowace ikilisiya tana da yaron da ya tafi jami'a ko bautar ƙasa ya dawo da sabuwar koyarwa, yana ganin iyayensa da fastonsa duk a duhu suke. Sauya fahimta ba laifi ba ne. Afolos gwanin magana ne, masanin Nassi, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani, sai da Biriskila da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya zauna a ƙarshen rayuwarsa yana bin rubuce-rubucensa ɗaya bayan ɗaya, yana gyara inda ya ga ya yi kuskure. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: me ya sauya ni?

Wani mutum, karatu ne ya sauya shi. Amma da yawa ciwo ne: rikicin zaɓen dattawa, ko kuɗin baiko da suka yi ɓatan dabo, ko rashin aiki da ya daɗe har ya kai mutum gaban mai wa'azin da ke neman kuɗi yana cewa "shuka iri, cikin kwana bakwai za ka ga buɗi". Wani kuma aure ne, ko bidiyon minti biyu a TikTok. Ciwon na gaskiya ne, sai dai ba ya zama hujja. Dattijo ya ci amana, wannan bai mayar da koyarwar ikilisiyarsa ƙarya ba.

Duk ayar da aka kafa maka hujja da ita, karanta surar daga farko har ƙarshe, ka ga wa ya yi magana, da wa, a wane hali. Ɗauki Irmiya 29:11, wadda ake liƙawa a bayan mota. Wasiƙa ce zuwa ga Yahudawan da aka kwashe bauta Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai sun cika shekara 70. A sura ta 28 wani annabi, Hananiya, ya yi musu albishir cewa cikin shekara 2 komai zai dawo. Maganarsa ce mai daɗin ji, ita ce kuma ƙaryar, a shekarar nan ma ya mutu. Haka Filibiyawa 4:13: Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, kuma ayoyi 11 da 12 zancen iya zama cikin ƙoshi da cikin yunwa suke yi. Mai wa'azin da ya yanke maka aya daga maƙwabtanta, ko bai karanta ba, ko ba ya so ka karanta.

Sannan ka san nauyin abin da ake gardama a kai, don ba duka ɗaya suke ba. Mutuwar Almasihu saboda zunubanmu, binne shi da tashinsa a rana ta uku, Bulus ya kira su abu mafi muhimmanci (1 Korintiyawa 15:3-4). Allahntakar Yesu ma haka: a kanta shugabannin ikilisiya suka yi taro a birnin Nikiya a shekara ta 325, aka ƙi koyarwar Ariyus cewa Ɗan Allah halitta ne. Wannan koyarwar har yau tana yawo gida-gida cikin ƙasidu, ana sayar da ita kamar sabon wahayi. Amma Anglikan da Katolika suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptis sai wanda ya furta bangaskiya da bakinsa, EYN kuwa sau uku take nutsar da mutum, kuma dukansu suna shaida Allah ɗaya, Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Romawa 14 ta hana mu yanke wa juna hukunci a kan abinci da ranaku. Abin takaici, matasa sukan juya lissafin: su raba zumunta a kan ɗankunne da ɗankwali, su kuma haɗiye maganar mai cewa ceto sai da man da ya shafa wa albarka.

Idan wata sabuwar koyarwa ta fara kama ka, kada ka fara yaɗa ta a zumuntar matasa tukuna. Ka ba ta watanni. Nemi wanda ya fi kowa iya kare ra'ayin da kake son bari, ka ji daga bakinsa, domin abin da abokin hamayya ya ce sun ce ba abin dogara ba ne. Kai tambayoyinka a rubuce wurin fasto ko malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, ka roƙe shi ya amsa da Nassi a buɗe. Mutanen Biriya ko Bulus kansa sai da suka bincika maganarsa da Nassi kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11), aka kuma yabe su. Duba kuma wa ke cin ribar koyarwar, da abin da ke samun wanda ya yi tambaya a wurin. Idan amsar da ake ba shi ita ce "kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji", nemi a nuna maka wanda ke duba littafin kuɗin wurin, da wanda ke da ikon tsawata wa shugaban in ya kauce.